Motar da Ƙauyenmu Ke Buƙata Ba Za Ta Zo a Jirgin Ruwa Ba



A hutun da ya wuce na je gida, wani ƙauye da ke tsakanin Ɗambatta da Makoɗa. Ƙarshen watan Agusta ne, ruwa ya zauna sosai. Daga bakin kwalta zuwa ƙofar gidanmu bai fi kilomita bakwai ba, amma sai da na shafe fiye da awa guda, rabi a bayan ɗan acaɓa, rabi a ƙasa ina riƙe da takalmina. Da dare muna zaune a ƙofar gida, sai ƙanena ya miƙa wa Baba waya yana nuna masa bidiyon wata Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya tana ratsa rafi a ƙasar Ostireliya. Ruwa ya kusa taɓa gilashi, amma ta fita ta hau tudu abinta. Baba ya kalla har sau biyu, sannan ya juyo gare ni.

"Kai ɗan boko, ba inji kake karantawa ba? Wannan motar ai don hanyarmu aka yi ta. Me ya hana a kawo mana irinta?"

Na ce, "Baba, tsada ce."

Ya ce, "Tsada kaɗai? Ai motoci masu tsada sun cika birni, waɗanda ko kwata ba sa iya tsallakewa. Ka je ka tambayo malamanku."

Na yi dariya a lokacin, amma tambayar ta biyo ni har makaranta, domin na san ba don sha'awa ya yi ta ba. A wannan daminar, a kan amalanke aka fitar da matar maƙwabcinmu cikin dare tana naƙuda, ana haska wa shanu hanya da fitilar waya. Mai motar da aka kira cewa ya yi ko nawa za a ba shi ba zai sako motarsa cikin wannan taɓo ba. Allah Ya sa ta sauka lafiya. Da rani kuma rairayi ne ke riƙe ƙafar mota, kwandunan tumatir na zaune a bakin gona rana na dafa su. Duk wanda ya fito daga Tsanyawa, Ɓagwai, Minjibir ko ƙauyukan Bichi ya san abin da nake faɗa.

To na yi tambaya, na yi karatu, ga kuma amsar da na samo. Ba wai babu irin wannan mota a Nijeriya kwata-kwata ba. Kana ganinta a hannun sojoji, da ƙungiyoyin agaji, da manyan 'yan kwangila. Abin da babu shi ne ta shigo kasuwa yadda manomi ko ɗan kasuwar ƙauye zai saya, ya samu kayan gyaranta, ya samu wanda zai gyara. Abubuwa huɗu ne suka tare mata hanya. Kuma ra'ayina, wanda zan kare a ƙasa, shi ne ko da an kawar da su duka, ba ita ce maganin matsalarmu ba.

Muna cin ragowar kasuwar wasu

Mafi yawan motocin da ke shigowa ƙasar nan na hannu ne, waɗanda muke kira 'yan Kwatano ko Beljiyam. Ma'anar wannan ita ce ba mu muke zaɓar motar da za mu hau ba. Abin da Ba'amurke ko Bature ya saya sabo shekara goma da suka wuce, shi ne zai iso gare mu yau. Abin da bai saya ba kuwa, ba za mu gan shi ba.

Amurka na cikin manyan wuraren da motocinmu ke fitowa, kuma abin mamaki, su ma can kukan da Baba ke yi shi suke yi. Toyota ta daina sayar da Hilux a Amurka tun 1995, ta maye gurbinta da Tacoma. Ita kuwa Land Cruiser samfurin 70, wadda ake ƙerawa tun 1984, wato wadda Baba ya gani a waya, kamfanin bai taɓa kai ta kasuwar Amurka ba. Wani ɓangare na dalilin kaza ce. E, kaza! A farkon shekarun 1960 Faransa da Jamus ta Yamma suka ɗora haraji a kan naman kajin Amurka. Don ramuwa, Shugaba Lyndon Johnson ya ɗora harajin kashi 25 cikin 100 a kan ƙananan motocin ɗaukar kaya da ake shigowa da su, ya fara aiki a 1964. Rigimar kaji ta wuce tuntuni, amma harajin na nan har yau. Ga kuma dokar 1988 wadda ta hana mutum shigo da motar da ba a yi ta bisa ƙa'idar Amurka ba, sai ta cika shekara 25. Sannan a watan Satumba na 2015 aka kama kamfanin Volkswagen da saka wa motocinsa na dizal manhajar da ke yaudarar na'urar gwajin hayaƙi, abin da ya shafi motoci kusan miliyan 11 a duniya. Daga nan kasuwar ƙananan motocin dizal a Amurka ta durƙushe.

Ka ga ke nan, jirgin ruwan da ya taso daga can Camry da Corolla da Sienna zai sauke mana, motocin fetur da aka yi wa kwalta. In ya kawo mai buɗaɗɗen baya ma, sai ka ga ƙatuwa ce mai shan mai kamar rijiya, wadda faɗinta ba zai shiga burtalin garinmu ba.

To ina ƙasashen da waɗannan motoci suka yi yawa, har na hannunsu ke araha? Ostireliya, Tailan, Afirka ta Kudu, Indiya, Kenya. Duk a hannun hagu suke tuƙi, sitiyarinsu na dama. Mu kuwa mun koma tuƙi a hannun dama tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, zamanin Janar Yakubu Gowon, kuma dokar hanya ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama ba. Sai dai a juya sitiyarin, kamar yadda ake yi wa ƙananan motocin Jafan da yawa. Wanda ya taɓa leƙa ƙarƙashin motar da aka yi wa juyin ganganci ya san dalilin da ya sa Hukumar Kiyaye Haɗurra ke yawan gargaɗi a kai. Walda a jikin sandar sitiyari ba abin wasa ba ce.

Man da muke zubawa

Wani zai ce, ai Turai a hannun dama suke tuƙi irin namu, kuma motocin dizal sun cika can. Gaskiya ne. Bari in ba ku labarin yayana.

Shekara uku da suka wuce ya sayar da shanu biyu, ya haɗa da kuɗin riɗi da rancen surukinsa, ya sayo wata 'yar Beljiyam mai buɗaɗɗen baya, mai amfani da gas, taya huɗu duk suna ja. Ranar da ta shigo gari har yara suka bi ta da gudu. Wata biyar ta yi tana jigilar buhuna zuwa Dawanau. Daga nan wata fitila ta kama a gaban direba, ƙarfinta ya ragu, ta koma tafiyar hawainiya. Bakaniken farko ya ce filta ce. Na biyu ya ce nozul. Na uku ya jona mata kwamfuta, ya kira kuɗin da ya kusa kai rabin abin da aka saye ta. Na ce masa, "Yaya, ko a sayar da ita haka?" Ya ce, "Wa zai saya?" Yau tana nan ƙarƙashin bishiyar darbejiya, kaji na ƙwai a bayanta.

Motar ba ta da laifi. An yi ta ne don wani irin mai daban. Tsohon injin dizal yana da famfon ƙarfe zalla, ba ruwansa da waya ko kwamfuta, kuma yana haƙuri da mai ko da bai cika tsabta ba. Na zamani kuwa yana matsa mai da ƙarfin da ya kai ba 2,000, wato kusan ninki dubu na iskar da ke cikin tayar mota, ya fesa shi ta ramukan da ido da ƙyar yake gani. Ɗigon ruwa ko ƙwayar ƙura ta isa ta cinye su. A cikin salansa akwai matatar da ke kama baƙin hayaƙi, wadda sai mota ta yi doguwar tafiya da gudu take yin zafin da za ta ƙone abin da ta tara. A ina za ka yi wannan gudun tsakanin gona da gida? Waɗanda suka fi sabunta ma suna da wani tanki na daban da ake zuba wa ruwan AdBlue, wanda yuriya ce kashi 32.5 cikin 100 a cikin tataccen ruwa. In ya ƙare, kwamfutar motar na iya hana ta tashi. Kada wani ya ce zai jiƙa takin yuriya na gona ya zuba, ba tsabtarsu ɗaya ba.

Babban abin shi ne sinadarin farar wuta da ke cikin mai. Tun 2009 Turai ta tsaya a kan kashi 10 cikin miliyan. Mu a nan doka ta daɗe tana yarda da 3,000 cikin miliyan, ninki 300 ke nan. A watan Satumba na 2016 wata ƙungiya ta ƙasar Suwizalan mai suna Public Eye ta fitar da rahoto kan yadda 'yan kasuwar mai na Turai ke haɗa mai mai datti musamman don Afirka ta Yamma, saboda dokokinmu sun ba su dama. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko zuwa 50 cikin miliyan, kuma matatar Ɗangote ta fara fitar da dizal a farkon 2024. An samu ci gaba. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya: manomin da ke bayan Makoɗa ba daga matata yake sayen mai ba. Daga jarkar ɗan bumburutu yake saya, wadda ta kwana a buɗe, wani lokaci ma an sirka da kananzir.

Kamfanoni sun san wannan sarai. Shi ya sa ba sa aiko da sababbin injinansu ƙasar da manta zai kashe su, a dawo ana zaginsu. Shi ya sa kuma Toyota ta ci gaba da ƙera tsohon injinta 1HZ mai silinda shida, lita 4.2, wanda ya fito tun 1990, don kasuwanni irin namu da ƙungiyoyin agaji. Shi kuma ba zai sayu a Turai ba saboda hayaƙinsa. Ka ga tsaka mai wuya: wanda Turai ke saya har ya iso mana da araha, manmu na kashe shi. Wanda ke jure manmu, Turai ba ta saya, don haka babu na hannu, sai sabo dal da dala.

Ba kuma zan ce dokokin nasu mugunta ba ce. A 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji. Huhun mutanensu suke karewa. Namu huhun ma ya cancanci kariya.

Tallafi ya karkatar da kasuwa

Abu na uku namu ne na gida. Gwamnati ta cire hannunta daga farashin dizal shekaru masu yawa kafin ta cire daga fetur. Tsawon wannan lokaci fetur na da tallafi, gas ba shi da shi. A ƙasashe da dama mutum na sayen motar dizal ne don ya rage kashe kuɗi, domin lita ɗaya ta fi nisa. A nan lissafin juyewa ya yi. Shi ya sa ko Hilux ɗin da ke jerin gwanon manya, za ka tarar da yawansu masu injin fetur ne, lita 2.7.

Kasuwa kuma jiki ɗaya ce. Da masu saye suka karkata, sai dillalai suka bi su, masu kayan gyara a Ƙofar Ruwa suka cika shagunansu da na fetur, yaran gareji suka tashi ba su taɓa kwance famfon dizal ba. Ilimin gas ya koma hannun masu gyaran tirela da tifa da janareta. Ranar 29 ga Mayu, 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin fetur ya tafi, tazarar farashin ta ragu sosai. Amma abin da aka shafe shekara da shekaru ana ginawa ba ya juyawa cikin damina biyu.

Kwastam da dala

Na huɗu shi ne bakin iyaka. A 2013, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, aka fito da tsarin bunƙasa ƙera motoci a gida, wanda ya kai kuɗin fito da harajin ƙananan motocin da aka gama haɗawa a waje zuwa kashi 70 cikin 100. Daga 1 ga Janairu, 2017 gwamnatin Muhammadu Buhari ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya taɓa tsohuwar hanyar nan ta Kwatano zuwa Maraɗi zuwa Jibiya da mutanenmu suka saba da ita. Dokar kuɗi ta 2020 ta rage harajin, amma akwai iyakar shekaru, wadda kwastam ta tsaya a kan shekara 12. Duba da kyau: tsohuwar motar dizal mai sauƙin gyara, wadda ita ce za ta yi mana aiki, ta haura wannan iyaka. Wadda ke cikin iyakar kuwa, irin ta yayana ce. Sai kuma aka saki naira a watan Yuni na 2023. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024.

An ce an yi duk wannan ne don a kare masana'antun gida, kuma niyyar ba ta da laifi. Mun taɓa samun su. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975. Akwai Steyr a Bauchi mai yin tarakta da manyan motoci, akwai Leyland a Ibadan da ke haɗa Land Rover, akwai ANAMMCO a Inugu, ga kuma namu na Kano, kamfanin NTM da ke haɗa motocin Fiat. Iyayenmu sun ga lokacin da a-kori-kura ƙirar Peugeot ke shiga kowane lungu ranar kasuwa, kuma kowane bakanike ya san cikinta kamar tafin hannunsa. Faɗuwar farashin man fetur a shekarun 1980 da tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 suka karya yawancinsu. Yau akwai masu ƙoƙari, irin su Innoson a Nnewi, sai dai kasuwarsu ta fi karkata ga gwamnati da manyan kamfanoni. An zagaye gona da shinge mai tsawo, amma shukar da ke ciki ba ta kai ta ciyar da gida ba.

Shi kuma kamfanin waje lissafi yake yi. Kafin ya kawo samfuri ƙasa sai ya tanadi dillali, da rumbun kayan gyara, da kanikawan da ya horar, da alƙawarin gyara kyauta na wasu shekaru. Ba zai yi wannan ɗawainiya don manomin da ba bankin da zai ba shi rancen mota ba. Ba ƙiyayya ba ce. Ba ya ma ganinmu a cikin lissafin.

To in ta zo fa?

Yanzu mu ɗauka an buɗe iyaka, an gyara mai, dala ta sauko. Shin Land Cruiser ce za ta fitar da mu? Ni dai na ce a'a, kuma ƙasar tamu ce shaidata.

Yankinmu ba daji ba ne irin na Ostireliya inda mutum ɗaya ke da filin da sai ya yini yana zagayawa. Masanin nan Michael Mortimore, wanda ya koyar a jami'o'in Zariya da Kano, tun shekarun 1960 ya yi rubutu a kan yadda ƙauyukan da ke kewaye da Kano suka cika da jama'a, gona na jikin gona, ana nomawa kowace shekara ba hutu, jakuna na kai itace birni su dawo da taki a mangala. Yau abin ya ƙaru. Gado ya rarraba gonaki, mutum na da 'yar wannan a nan, 'yar waccan a can. Tsakaninsu siririyar hanya ce da burtali, an kafe gefe da gefe da shinge. Motar da faɗinta ya kusa mita biyu, in ta shiga sai ta taka geron wani, ka ga an tafi gaban mai gari. Kayan da za ta ɗauka bai wuce buhu goma ba. Bayan kaka kuma me za ta yi? Dukiyar da ta fi gonakin unguwa guda daraja ta zauna tana jiran wata kakar.

Dubi abin da ke ɗaukar kayanmu a yau: jaki, amalanke, babur da ake ɗora wa buhu biyu har da mutum a sama, keke mai ƙafa uku na kaya, da kurkura. Kowanne da inda yake gazawa. Amalanke ba ta sauri. Babur na kayar da mutane a rairayi. Kurkura cikinta a ƙasa yake, ga ƙananan tayoyi. Gurbin da ke tsakanin amalanke da Hilux shi ne babu kowa a ciki, kuma babu kamfanin Jafan ko Jamus da zai cike mana shi.

Wasu sun cike nasu da kansu. A ƙauyukan Tailan akwai wata motar gona da suke kira i-tan. Ƙananan garejoji ne ke haɗa ta: firam na ƙarfe, giya da aksil na tsofaffin motoci, bodin katako, sai injin dizal mai silinda ɗaya. In an gama jigila, injin nan na iya komawa jan ruwa ko wani aikin gona. Manoman Sin ma sun daɗe suna amfani da motoci masu ƙafa uku masu irin wannan inji. To wannan injin ai ba baƙo ba ne a wurinmu. Shi ne ke bugawa a gidan niƙa na kowane ƙauye. Yana shan man da ya samu, kayansa na nan a kasuwa, kuma yaron mai niƙa na iya kwance shi ya mayar kafin azahar.

Abin da nake hange ke nan: 'yar mota siririya mai tsawon ƙafa, da za ta ɗauki buhu biyar zuwa bakwai, gudunta kada ya wuce kilomita 30 a awa. Da damina ta kai taki ta fito da mara lafiya zuwa bakin kwalta. Da kaka ta juya injin sussuka ta kwaso amfanin gona. Da rani injinta ya ja ruwa a bakin dam ɗin Tomas ko Watari, dam ɗin da aka gina don noman rani amma har yau fitar da kayan lambu daga bakinsu ke ba manoma wuya.

Na san abin da za a ce. Na farko, motar haɗe-haɗe na kashe mutane. Wannan gaskiya ne in an bar ta a hannun mai walda shi kaɗai, babu lissafin birki, babu gwajin nauyi. Ai amfanin karatunmu ke nan. Na biyu, injin niƙa na hayaƙi, kuma ni da bakina na ce hayaƙi cuta ne. Haka ne, sai dai ƙaramin inji da aka saita da kyau yana aiki a fili ya fi tsohuwar motar da aka fasa wa matatar salansa, wanda shi ne abin da ake yi wa 'yan Beljiyam a garejojinmu yanzu. In mai ya gyaru, sai mu ma mu ɗaga ƙa'ida. Na uku, a gyara hanya kawai mana. Wallahi ina goyon baya, kuma haƙƙinmu ne mu nema. Amma ko wace gwamnati ce ba za ta shimfiɗa kwalta zuwa bakin kowace gona ba. Kilomita biyun ƙarshe namu ne har abada.

Abin da ya rage gare mu

Kowace shekara ɗaliban ajin ƙarshe na haɗa kuɗi su ƙera na'ura, a ba su maki, a jingine ta a bayan ɗakin aiki tsatsa ta cinye. Shekara mai zuwa wasu su sake ƙera irinta daga farko. Ina roƙon shugabannin sassanmu na injiniya su duba wannan. A ɗauki mota guda a matsayin aikin shekara uku ko huɗu. Rukunin bana su yi firam da birki, na baɗi su gāji aikin su gyara kurakurai, 'yan lantarki su yi fitilu, 'yan sashen kasuwanci su zauna su fitar da farashin da ƙungiyar manoma goma za ta iya biya. Kuma kada a gwada ta a filin ƙwallon makaranta. A kai ta bayan Ɗambatta a watan Agusta, a ba manomi ya loda mata taki. Kwalejin aikin gona ta Audu Bako na nan kusa, za a iya neman haɗin kai da su.

Na biyu, muna buƙatar bencin gwajin famfo da nozul na dizal, da kayan auna tsabtar mai. Asusun TETFund na ba da kuɗin kayan aiki da bincike, ƙungiyar ɗalibai ta bi sahun malamai wajen nema. Ɗalibin da ya iya gyaran injin dizal na zamani ba zai yi yawon neman aiki da takarda a hannu ba. Masu irin motar yayana ne za su yi layi a ƙofarsa.

Na uku, in lokacin SIWES ya zo, mu daina rububin ofis mai sanyi inda za a aike mu sayo abinci. Mu je wurin masu gyaran tirela da masu injin niƙa. Akwai ilimi a hannunsu da ba ya cikin littafinmu, akwai kuma lissafi a kanmu da su ba su da shi.

Na huɗu, ƙungiyarmu ta rubuta wa 'yan majalisarmu da hukumar tsara ƙera motoci ta ƙasa, NADDC. Buƙata biyu kawai: a sauƙaƙa kuɗin fito a kan ƙananan injinan dizal da kayan haɗi, kuma a fitar da ƙa'ida da rajista ta musamman ga motar gona mai ƙaramin gudu, don kada wanda ya ƙera ta ya zama mai laifi ranar da ya hau titi.

Ga kuma 'yar shawara ga duk wanda wani nasa ke shirin sayen 'yar Beljiyam mai gas: kafin a biya, a tambaya ko tana shan AdBlue, a je kasuwa a ji kuɗin nozul ɗinta guda ɗaya, a kuma nemo bakaniken da ya taɓa gyara irinta ta tashi. In ɗaya daga cikin ukun ya gagara, a bar shanun a turkensu.

Da na koma gida na zayyana wa Baba duk wannan, tun daga kajin Amurka har zuwa farar wuta. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "To na ji. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Yaushe za ku ƙera?"

Ban ba shi amsa ba, domin ba ni kaɗai ke da ita ba. Mu huɗu ne yanzu a ajinmu muka fara zane, kuma wani mai niƙa a garinmu ya yi alƙawarin ara mana tsohon injinsa. Muna neman wanda ya iya walda da kyau, da wanda ya fahimci lissafin birki, da 'yan uwa mata daga sashen kasuwanci ko lissafin kuɗi da za su faɗa mana gaskiya in farashin ya fi ƙarfin manomi. Mai sha'awa ya same mu a ɗakin aikin sashen injiniyan kanikanci bayan sallar la'asar.

Allah Ya ba mu sa'a, Ya sa karatun nan ya amfani iyayen da suka sayar da amfanin gonarsu suka biya mana shi. Wassalam.